Dutsen da ake kira Zinder

Assalamu alaikum Damagarawa, na gida da na tafiya. Ku yi haƙuri da wannan hula da na tusa kaina ciki, sanyin Orsay yau ba ya jin magana. Garin yana kudu da Paris, kuma ginin da kuke gani bayana wurin binciken kimiyya ne, nan nake wuni. An hana ɗaukar hoto a ciki, shi ya sa na fito nan bakin hanya.

Makon da na fara zuwa, wani dattijon malami ya tambaye ni daga ina nake. Na ce Nijar. Ya ce wane gari? Na ce Zinder, ina shirin yi masa bayanin Birni da Zango da fadar Sarkin Damagaram, don na saba babu wanda ya sani. Sai mutumin ya ajiye kofinsa ya ce, "Zinder? Ta giram 46?" Na yi sororo. Ashe shi a wurinsa Zinder ba gari ba ce, sunan wani dutse ne da ya faɗo daga sama, aka tsinta kusa da garinmu a 1999. Wallahi kunya ta kama ni. An haife ni a can, na yi makaranta a can, ban taɓa jin labarinsa ba.

Giram 46, wato ko nauyin ƙwan kaza bai kai ba. Amma irinsa ba su da yawa. Masana na kiran wannan jinsi palasit: ƙarfe ne haɗe da nikel, da ƙwayoyin wani ma'adini kore mai suna olibin a cuccushe cikinsa kamar gyaɗa cikin alewa. In aka yanka siririn ɓari aka ɗaga wa fitila, sai ka ga haske na ratsa ƙwayoyin kamar fasasshiyar kwalba. Namu na Zinder kuwa ya ƙara da wani ma'adinin, piroksin, abin da ya ware shi daga akasarin sauran ke nan. Me ya sa aka damu? Rami mafi zurfi da ɗan Adam ya taɓa haƙawa, a Rasha, bai wuce kilomita 12 da ɗoriya ba, alhali ƙarfen cikin duniyarmu sai an nutsa kusan kilomita 2,900. Babu mai zuwa can. Shi ko wannan dutse guntu ne na wata ƙaramar duniya da ta tarwatse tun farkon halittar rana da 'ya'yanta, inda ƙarfen ciki ya cakuɗu da dutsen da ke lulluɓe da shi. An kawo maka cikin tukunya har gida, ba ka sha wahalar buɗe murfi ba.

Da irin waɗannan duwatsu ne ma wani masanin Amurka, Clair Patterson, ya auna shekarun duniya a 1956, ya samu miliyar 4.55, biliyan in ji mutanen Kano. Har yau lissafin bai gusa sosai ba.

Su mutanen nan wajen sun fi ƙarfi a kan ƙura. Suna zuwa tashar Concordia a Antaktika, su haƙo dusar ƙanƙara mai tsabta, su narkar, su tace, su tsinci ƙwayoyin da ba su kai tsakin gero ba. A 2021 suka fitar da lissafi cewa ƙurar samaniya kimanin ton 5,200 ke sauka duniya kowace shekara. Na leƙa ɗaya a madubin ƙara girma: baƙa, ƙulalliya, ta narke a hanya ta sake daskarewa. Sai na tuna Inna da tsintsiyarta lokacin hunturu tana faɗa da hazo. Wa ya sani ko cikin abin da take kwashewa akwai wadda ta girmi duniya.

To ga inda raina ke ɓaci. Kun ji labarin dutsen duniyar Mars da aka tsinta a jihar Agadas a watan Nuwamba na 2023, kusan kilo 25, mafi girman irinsa da aka sani. A watan Yuli na 2025 aka yi gwanjonsa a New York kan dala miliyan 5.3, har gwamnatinmu ta buɗe bincike kan yadda ya fita. Kowa kuɗin yake lissafawa da sefa. Ni sunan nake dubawa: NWA 16788. Ma'anarsa arewa maso yammacin Afirka, sai lamba, kamar motar haya. Ku gwada da Zagami ta ƙasar Katsina, inda wani dutsen Mars mai kilo 18 ya faɗo a gaban wani manomi cikin gonarsa a watan Oktoba na 1962. An san rana, an san wuri, shi ya sa fiye da shekara 60 ɗalibai na rubuta Zagami a takardun digirinsu, kamar yadda suke rubuta Zinder.

Saboda haka in ɗayanku ya ci karo da baƙin dutse mai nauyin da ya fi girmansa, bayansa kamar an gasa, da lotse-lotse kamar sawun yatsa a jikin fura, kada ya fasa shi da guduma. Kada kuma ya manna masa mayen ƙarfen tsohuwar rediyo irin wanda muke ja cikin rairayi muna yara, domin yana goge tarihin maganaɗisun da ke cikinsa, kuma ba ya dawowa. Ya ɗauki hotonsa a inda yake kwance, ya adana wurin a wayarsa, ya nemi malaman ilimin ƙasa na jami'a. Sau da yawa za a ce maka tama ce ko gatarin aradu, ba laifi.

Kai kuma ƙanena, na san kana kallo. Kafin damina, hau soron gidanmu ka kwashe min ƙasar da ta taru a bakin indararo, ka zuba a kwalba mai murfi, ka rubuta rana. Malamin nan ya ce da wuya a samu komai, ƙurar Sahara za ta rinjaya, amma ya yarda mu duba. In Inna ta tambaya, ce mata aikin makaranta ne. Hannuna ya ƙage, bari in koma ciki.