Tsayar da kod ka leƙa cikinsa: lacca kan gano kuskuren JavaScript a burauza

Assalamu alaikum. Na can baya, kuna ji na? To madalla. Wanda ya zo da kwamfuta ya buɗe ta, don wannan karatu ba ya zama sai hannu ya taɓa. Abubuwa huɗu zan taɓo game da kayan aikin da ke ɓoye cikin burauza, waɗanda ake gano kuskuren JavaScript da su.

Na farko, yadda ake buɗe su. Ku danna F12, ko Ctrl da Shift da I a tare. Chrome ne, Edge ne, Firefox ne, duk ɗaya. Masu Safari sai sun shiga saituna sun kunna sashen masu gina shafi tukuna. Ku sani fa, da can babu wannan gata. Brendan Eich ya ƙirƙiro JavaScript, yaren kod da ke sa shafin intanet aiki a burauza, a 1995 a kamfanin Netscape, amma an daɗe ana neman kuskure da alert: akwati ya faɗo, ka rufe, wani ya faɗo. Sai a 2006 Joe Hewitt ya fito da Firebug, wani kayan aikin gano kuskure, a kan Firefox, aiki ya yi sauƙi.

Na biyu, Console. Nan burauza take kai ƙara, da jan rubutu. Don Allah ku riƙa karantawa. Da yawa da sun ga ja sai su rufe, wai sun tsorata. (dariya) Idan ta ce "Cannot read properties of null", abin da ka aika kod ya ɗauko a shafin ne bai samu ba. Ko ka yi kuskuren rubuta sunansa, ko kod ɗin ya riga abin isowa. A gefen dama akwai sunan fayil da lambar layi, ka danna, za ta kai ka wurin.

To ga inda nake so mu zauna. Mu ɗauka kana da akwati biyu a shafi, mutum ya rubuta 20 a ɗaya, 5 a ɗaya, ya danna maɓallin tarawa. Maimakon 25 sai ga 205. Console shiru, babu ja ko ɗaya, domin a wurin burauza ba a yi laifi ba. Me yawancinmu muke yi? Mu hau canje-canje. A sauya wannan layi, a sabunta shafi, bai yi ba, a sauya wancan. Lalube cikin duhu ke nan, kuma yana cinye yini guda.

Ka shiga Sources, a Firefox sunansa Debugger. Buɗe fayil ɗin, je layin da ake tarawa, danna kan lambar layin. Ka sa masa birki ke nan. Koma shafi ka danna maɓallin. Komai zai tsaya cak a wannan layi, kafin a aiwatar da shi. Kafin, ku riƙe wannan. Yanzu ɗora linzami a kan sunan da ke riƙe da lambar farko. Me kika gani, 'yar'uwa? Yauwa, "20" tsakanin alamun zance. Rubutu ne ashe. Duk abin da aka ɗauko daga value na akwati rubutu ne, ko da lamba aka shigar, kuma alamar tarawa idan ta sami rubutu manna su take yi. Ka naɗe kowanne da Number, mai mayar da rubutu lamba, magana ta ƙare. Ba mu yi hasashe ba, da ido muka gani.

Kuma yana tsaye ɗin nan, shafin a hannunka yake. F10 ya matsa layi ɗaya. F11 ya shiga cikin aikin da aka kira. F8 ya sake shi ya ci gaba. A gefe akwai Scope, yana nuna abin da kowane suna ke riƙe da shi a daidai wannan lokaci. Akwai kuma Call Stack, wanda ke gaya maka wa ya kira wa har aka iso nan. Wallahi wannan kaɗai ya isa a yi masa lacca guda. Sau da yawa layin da ya fashe ba shi da laifi, wanda ya miƙo masa gurɓataccen abu yana hawa biyu a baya.

Wani zai ce ai console.log, wadda ke rubuto maka abin da suna ke riƙe da shi a Console, ma tana yi. Tana yi, ban hana ba. Amma ita abin da ka tuna ka tambaya kawai take faɗa maka, shi kuwa birki har abin da bai zo maka a rai ba yana nunawa. Kuma idan kod yana zagaye sau 1000, matsalar tana zagaye na 700, kada ka zauna kana danna F8 har yatsa ya kumbura. Danna lambar layin da maɓallin dama, ka sa sharaɗi, i === 700, idan i ne sunan da ke ƙirga zagayen, nan kaɗai zai tsaya. Ko ka kunna "Pause on uncaught exceptions", ya tsaya da kansa inda abin ya fashe. Ku tsayar da shi ku duba. Na sake faɗa, ku tsayar da shi.

Na nawa muke? Na uku ne ko na huɗu? To, Network dai, a gurguje, sashen da ke nuna fayilolin da shafi ya nema da lambar amsar da aka ba shi. 404, fayil ɗin ba ya inda ka ce. 500, matsalar daga sabar take, wato kwamfutar da ke aiko da shafin. Ka gyara kod amma shafi bai canza ba, sa alama a "Disable cache", don burauza ta daina amfani da tsohon kwafin da ta ajiye. Saura... na'am, malam, ga hannu can.

Mai tambaya: Malam, nawa shafin lafiya lau yake a kwamfuta, a waya ne kawai yake ƙin aiki. Waya kuma ba ta da F12.

Tambaya mai kyau, bari mu bar sauran mu tsaya a kanta. Akwai alamar waya a saman kayan aikin, tana rage faɗin shafi, amma kwaikwayo ne, har yanzu kwamfutarka ce ke aikin. Idan Android ce, shiga bayanan wayar ka taɓa "Build number" sau 7, sashen masu gina manhaja zai bayyana, ka kunna "USB debugging". Haɗa ta da kwamfuta, wayar za ta nemi izininka, ka amince. A Chrome na kwamfuta rubuta chrome://inspect, za ka ga shafukan da ke buɗe a wayar. Danna inspect, birkin nan da muka yi zai tsayar da kod ɗin da ke gudana cikin wayar kanta. iPhone kuwa hanyarta Safari ce a kan Mac. Wayar tana jikinka, malam? To taho da ita gaba. Wa ke da kebul ya ara mana?