Darasi: Yadda Ake Gane Kwartowa da Cire Ƙwayarta

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanku da war haka. Yau darasinmu a kan kwartowa ne, wannan tsiron da ke yaɗo bisa rairayi, daga arewacin Yobe da Borno har Diffa da Agadez, ya zarce Chadi da Sudan.

To, yaya za ka gane ta? Ganyenta irin na kankana ne, sai dai ya fi ƙanƙanta, ga kaushi. Furenta ruwan ɗorawa. Ɗanta bai wuce girman lemu ba, kore mai zane-zane tun yana ɗanye, in ya bushe ya koma rawaya, ka girgiza ka ji ƙwaya na kaɗawa a ciki. Saiwarta kuwa tana nutsawa ƙasa sosai, shi ya sa rani ba ya kashe ta.

Yanzu a saurara da kyau, nan ne wurin hatsari. Farin naman nan na ciki ɗaci gare shi na fitar hankali. Kwartowa ita ce hanzala da ta zo a hadisin Abu Musa al-Ash'ari cikin Bukhari da Muslim, inda aka misalta munafukin da ba ya karanta Alƙur'ani da ita: ba ƙamshi, ga ɗaci. Kuma ba ɗaci kaɗai ba ne, guba ce. Wasu na jiƙa naman su sha wai don wankin ciki ko ciwon suga. Don Allah a bari. Yana sa zawo mai tsanani, har da jini, yana iya taɓa ƙoda. Mai juna biyu kada ma ta kusance shi, yana zubar da ciki. Makiyaya, a kula da tumaki da awaki idan ciyawa ta yi wuya.

Amfanin yana cikin ƙwayar. Tubawa na duwatsun Tibesti da ke arewacin Chadi sun daɗe suna cin ta. Ka tsinko busassu, ka fasa, ka sheƙe, ƙwayar ta rabu da ɓawo da naman. Sai wanki, a tafasa, a zubar da ruwan, a sake. Ɗanɗana ƙwaya guda a bakin harshe. In da sauran ɗaci, aikin bai ƙare ba, a koma wanki. Bayan nan a shanya, a soya sama-sama, a daka a fitar da gari ko a matse mai.

Ruwan da aka zubar kada dabba ta sha, kuma a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa ido ko abinci.