Gashin zabo fam huɗu, da bayis ɗin da ya ƙi riƙe ƙugiya

Assalamu alaikum jama'a, mutanen Guri da Kirikasamma da duk wanda yake kallo daga bakin kogin Haɗeja, ina gaisuwa. Bari in matso da wannan 'yar ledar kusa da kyamara. Kun gane ko mene ne? Gashin zabo ne. Wallahi gashin zabo, irin wanda Inna take sharewa ta kai juji in an gama fiɗa. Fam 4 na saye shi a wani shagon kayan kamun kifi a nan Sukotland, kuma bai cika tafin hannu ba. Tun da na fito daga shagon zuciyata take gida, ina ta tuna zabin Baffa da suke kwana a kan tsamiyar bayan gida.

Masu fatsa da ƙwaron gashi a nan ba sa tonon tana. Ƙugiya ake ɗauka, a naɗa mata zare, a ɗaure gashin tsuntsu har ta koma kamar ƙwaro, sai a wurga kan ruwa kifi ya taso ya cafke. Gashin wuyan zakara, na ɗawisu, har gashin kunnen zomo duk yana shiga. Wani dattijo maƙwabcina mai zuwa kogin Tay neman kifin salmon shi ya koya min. Ya yi mamakin yadda hannuna ya faɗa da wuri, na ce masa ai jikan masunta ne ni, ban kai shekara 10 ba nake ɗaura wa Baffa ƙugiyoyin mamari.

To amma hannu ɗaya yana riƙe da zare, ɗaya da gashi, wa zai riƙe ƙugiyar? Nan bayis yake shigowa. Kun san na makanikai da ake matse ƙarfe a ciki, to wannan ƙaninsa ne, bakinsa siriri kamar na awartaki.

Na farkon da na saya a intanet, fam ashirin da wani abu, sai sheƙi yake kamar sabon kwano. Sati uku bakin ya lotse, ƙugiya ta yi masa gurbi. Da na ja zare sai ta sunkuya. Wani dare ina tsaka da ɗauri ta fizge, na ji ƙaras, ta ɓace a cikin kafet. Ƙugiya lamba 16 ce, ba ta kai ƙwayar shinkafa biyu ba, ga 'yata ta fara rarrafe. Sa'a guda muka yi a durƙushe ni da maman ta, da tocila da maganaɗisu, kafin muka gan ta a gindin kujera. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Washegari na jefar da bayis ɗin.

Saboda haka duk wanda zai saya, ina gargaɗinsa, ya bar kallon ƙyalli ya duba baki. Ka ce a ba ka ƙugiya, ka matse ta a wajen lanƙwasarta, ka danna kan da babban yatsa. In bayis na ƙwarai ne, ƙugiyar za ta fara tanƙwarewa kafin ta zame. In ta zame, ajiye musu kayansu. Kuma ka gwada da ƙarama da babba, don lissafin ƙugiya a juye yake: lamba 20 mitsitsiya ce, lamba 2 kuwa ƙatuwa. Wani bakin yana riƙe babba da kyau amma ƙarama ta gagare shi.

Wanda kuke gani a gabana Regal ne, ƙirar Amurka, na hannu na samu a kan fam 110. Ba a murɗa komai, sai ka matsa wannan mariƙin baki ya buɗe, ka saki sifirin ya damƙe. Maƙwabcina shi Renzetti yake so, wanda ake juya shi da hannu ƙugiya tana zagayawa a wuri ɗaya, kana ganin cikinta da bayanta, kana naɗa zare ba ka ɗaga hannu ba. Yana da daɗi, ban musa ba, amma ni riƙo nake nema kafin juyi. Akwai mai maƙalewa a bakin tebur, akwai mai gindin ƙarfe mai nauyi. Mu da a kan tabarma muke aiki, mai gindi za mu ɗauka, ka ɗora shi a kan turmi ka zauna.

Abin da yake min ciwo, ruwan nan nasu garau, ko'ina a buɗe. Namu kuwa kachala ta cinye hanyoyin ruwa. Baffa yakan ce tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 ambaliya ba ta sake zuwa yadda suka san ta ba, wuraren da yake jefa birgi yana saurayi yanzu ko kwalekwale ba ya ratsawa. Amma kifi yana nan. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruwa bayan ruwan farko, shinge yana faɗawa kawara tana tsalle tana cafka, ya san ƙwaron gashi zai yi aiki a wurinmu.

Ƙanena, na san kana kallo. Ka kai wa maƙerin kasuwa wannan bidiyon ya duba bakin bayis ɗin da kyau. Mutumin da yake fitar da wuƙa daga sifirin mota, wannan ba zai gagare shi ba, in dai ya ba ƙarfen tauri kuma leɓɓan biyu suka haɗu daidai ba rata. Gashin zabon kuma ka ce wa Inna ta daina zubarwa, ku shanya shi ku sa a leda saboda asu. Kar ka aiko min, 'yan kwastan nan ba sa wasa da gashin tsuntsu saboda murar tsuntsaye. Ka ajiye, da damina ina tafe in Allah ya yarda, zan taho da zare da ƙugiyoyi.