Bayan sukuwa, ina dokin yake zuwa?

Nura: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake saduwa. Nura ne, ga Anti Zulai, ga kuma Yaya Kabiru da ya fara lacca tun kafin a kunna na'ura.

Zulai: Tun daga bakin ƙofa fa. Ko gaisawa ba mu gama ba.

Kabiru: Ai ku kuka ja. Kowa sai ya turo min bidiyon nan, tambaya ɗaya: Yaya, me ake yi a bayan labulen?

Nura: Koren labulen da ake kafawa in doki ya faɗi a filin tsere.

Kabiru: Shi. Sau da yawa duba shi kawai ake yi, ya huce ya miƙe. Amma in ƙafa ce ta karye, yawanci allurar mutuwa likita zai yi masa, shi ke nan.

Zulai: To ni nan ne raina ke ɓaci. Dokin miliyoyi, a ce ɗori ya gagara?

Kabiru: Zulai, dabba ce mai kilo 500, tana gudun kilomita 60 a awa, kuma kowace ƙafa a kan yatsa ɗaya take tsaye. Kofaton nan farcen yatsa ɗaya ne. Daga gwiwa zuwa ƙasa babu tsoka, ƙashi ne da jijiya da fata. In ya karye a cikin wannan gudu, dagargajewa yake yi. Sannan doki ba ya jinya a kwance. Dole ya tsaya, sai ya jibga nauyinsa kan ƙafar da ke da lafiya, naman da ke riƙe kofato da ƙashi ya kumbura, ita ma ta lalace. Kun tuna Barbaro?

Nura: Na Amurka.

Kabiru: Ya ci babban tseren Kentucky Derby a 2006, bayan mako biyu ƙafar baya ta dama ta karye a tseren Preakness. Kuɗi ba matsala ba ne a wurin masu shi. Aka sa masa ƙarfe da kusoshi 27, aka yi wata takwas ana fama. Karayar ta kama hanyar warkewa, ciwon kofato ne ya ci ƙarfinsa, a Janairun 2007 aka haƙura aka yi masa allurar mutuwa.

Zulai: To a daina tseren mana. A filin tseren Santa Anita na Amurka dawakai 30 suka mutu cikin wata shida a 2019. A filin Churchill Downs, inda ake Kentucky Derby, 12 a 2023, har aka kwashe tseren aka kai wani fili.

Kabiru: Ban musa ba, kuma hayaniyar ta yi amfani. Amurka ta yi dokar tarayya kan lafiyar dawakan tsere a 2020, Ingila ta rage dawakan da ke shiga tseren Grand National daga 40 zuwa 34 a 2024. Amma abin da nake ta faɗa a zauren nan namu ba a saurara shi ne, wanda ya faɗi gaban kyamara kowa ya yi masa kuka. Dubban da suka gama lafiya fa? Doki yana fara tsere yana shekara 2...

Nura: Tsaya Yaya, shekara 2 ta gaskiya ko ta takarda?

Kabiru: Kai ka san inda za ka. A arewacin duniya duk dokin tsere ranar 1 ga Janairu ake ƙara masa shekara, ko a wane wata aka haife shi. A kudanci, irin su Ostireliya, 1 ga Agusta.

Nura: Wato wanda aka haifa 30 ga Disamba, kwana biyu ya cika shekara?

Kabiru: A takarda, ƙwarai. Shi ya sa masu kiwo ke lissafi goɗiya ta haihu a farkon shekara.

Zulai: Ka ga bambancinsu da kai, Nura. Su ƙara musu ake yi, kai ragewa kake yi.

Nura: Anti, 29 nake.

Zulai: Bara ma 29 ka ce.

Nura: Bara lissafin kudancin duniya na bi.

Kabiru: To Agusta ta wuce ai.

Nura: Na komo arewa kafin ta zo.

Zulai: Yaya, ba ta haƙori ake gane shekarun doki ba? Buɗe bakinka mu gani.

Nura: Masu saurare ku shaida, ana cin zarafina a bakin aiki.

Zulai: Ka kusa ritaya dai, mu fara nema maka makiyaya.

Nura: Mai inuwa don Allah, da intanet.

Kabiru: Kun gama? To. Yana farawa a shekara 2 ko 3, akasari kafin 6 ko 7 an sallame shi, alhali doki yana kai 25 har 30. Shekara 20 ke nan na ci da sha da yankan kofato da likita, ba ya kawo ko sisi. Wa zai biya?

Nura: Ba kiwo ake mayar da su ba? Na ji Frankel, dokin nan na Ingila, fam 350,000 aka riƙa biya barbara ɗaya a 2024.

Kabiru: Frankel ya yi tsere 14 ya ci 14. Irinsa nawa ne? Ingarma ɗaya yana isar goɗiya sama da 100 a shekara, don haka 'yan ƙalilan ake buƙata. Sauran mazan da yawa an dandaƙe su tun suna tsere, ba su da wannan ƙofar sam. Kuma ko zakaran ba shi da tabbas. Ferdinand ya ci Kentucky Derby a 1986, mahayi Bill Shoemaker a kansa yana ɗan shekara 54. Shekara ta gaba shi ne gwarzon doki na Amurka. 'Ya'yansa ba su yi abin kirki ba, aka sayar da shi Japan a 1994. A 2003 wata 'yar jarida ta bi sawunsa, hannu zuwa hannu, duk alamu suka nuna a mayanka ya ƙare a 2002.

Zulai: Innalillahi. Wanda aka yafa wa bargon furanni.

Kabiru: Shi fa. In haka ta faru da mai suna, wanda ya zo na tara a ƙaramin fili ranar Talata wa zai tambayi inda yake? A 2019 tashar ABC ta Ostireliya ta nuna hoton ɓoye daga wata mayanka a Queensland. A 2021 shirin Panorama na BBC ya ce kusan 4,000 aka yanka a Birtaniya da Ayalan daga farkon 2019. Sai bayan nan hukumar tseren dawakai ta Birtaniya ta ce daga Janairun 2022 duk dokin da zai yi tsere a can sai an cire shi daga jerin dabbobin da mutum zai ci.

Nura: To ai an gyara ke nan.

Kabiru: An toshe rami ɗaya. Hana yanka ba ya sayen ciyawa. Akwai ƙungiyoyin da ke ƙoƙarin kula da dawakan da suka yi ritaya, ban raina ba. Retraining of Racehorses a Birtaniya tun 2000, Old Friends a Kentucky da wani tsohon ɗan jarida, Michael Blowen, ya kafa a 2003, Living Legends kusa da Melbourne. Amma sake horon nan aiki ne ja. Dokin tsere bai san tsayawa cik a hau shi ba, don yana tafiya ake cilla mahayi kan sirdi. In ka ja linzami da ƙarfi, kai a nufinka ya tsaya, shi an koya masa ya jingina da ƙarfen ya ƙara wuta. Bai saba jin ƙafar mutum ta sauko gefen cikinsa ba, don likkafar mahayan tsere a ɗage take can sama. Ga gyambon ciki da ke damun mafi yawansu, saboda hatsi da yawa, ciyawa kaɗan, wuni a kulle a barga. Sai wani ya ga kyau da araha ya saya wa 'yarsa, wata uku ya gane wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa, ya sayar. Na biyu ya sayar wa na uku. A nan ake ɓacewa.

Zulai: Duk wannan ni hujja ce a wurina ta a rufe harkar.

Kabiru: Ki rufe gobe, dubban da ke barga yau ki kai su ina? Ni abin da nake so, ranar da aka yi wa ɗan duƙushi rajista a ajiye kuɗin tsufansa, daga aljihun mai kiwo, daga kuɗin kyauta, daga kamfanonin caca da suka fi kowa ci. Jihar Victoria tana cire kashi 2 cikin 100 na kuɗin kyauta, ashe ana iyawa. Kuma ai kowannensu da ɗan maɓallin shaida a wuya, a wajabta rubuta duk hannun da ya koma har ranar mutuwarsa. In haifar doki ta zo da nauyin shekara 25, za a rage haifar na banza.

Zulai: Ba ka amsa min ba dai, ko shi dokin ya yarda da...

Nura: Anti, mai na'ura yana ta ɗaga min hannu. Mun yi alkawarin maganar bulala, da yadda Norway ta hana tun 1982, ga saƙonni ko ɗaya ban karanta ba.

Kabiru: Minti biyu kawai, bulalar nan...

Nura: Yaya, minti biyunka muka shiga tun ɗazu. Mako mai zuwa.

Zulai: Ka zo da takardar haihuwarka.

Nura: Ta ɓace a ƙaura. Sai an jima, jama'a.