Su wa ke karanta soyayyar 'yan wasan hoki?

[Filin ƙanƙara, 'yan wasa suna karo da juna]

Tun da aka fara haska wani fim mai dogon zango a Kanada a Nuwamban 2025, tambaya ɗaya ake ta aiko mana: wai ina labarin maza biyu masu son juna ya samo wannan kasuwa? A gurguje: fim ɗin daga littafin Rachel Reid ne, 'yar Kanada, Heated Rivalry, na 2019. Ɗaya ɗan Kanada, ɗaya ɗan Rasha, a fili ba sa ga-maciji, a ɓoye masoya. Wasansu hoki ne na kan ƙanƙara. Ni dai har yau idona bai iya bin ɗan faifan nan da suke bugawa ba.

[Rumbunan kantin littattafai]

To ga inda ake yin kuskure. Kowa ya ɗauka maza masu neman jinsi ɗaya ne ke saye. Suna ciki, amma akasarin masu karatun mata ne, masu rubutun ma haka. Kuma ba yau aka fara ba, tun shekarun 1970 mata a Japan ke zana irin waɗannan labarai don 'yan uwansu mata.

Me suka gani a ciki? Labarin soyayya ba ya tafiya sai da shinge. Duk wadda ta taɓa kwana a kan littafin soyayya na Kano ta sani: Baba ya ce a'a, ko auren dole, ko kishiya. A Kanada da Amurka kuwa, baligai biyu suka ce suna son juna, wa zai hana? Labari ya ƙare tun shafi na goma. Sai marubuta suka nemo shingen a ɗakin canza kayan 'yan wasa. An kafa NHL, babbar gasar hoki ta Kanada da Amurka, a 1917, amma sai 2021 aka samu mai kwantiragi da wata ƙungiyarta, Luke Prokop, ya fito ya faɗa cewa shi mai neman jinsi ɗaya ne, a lokacin ma bai fara buga gasar ba. Saboda haka kallo ɗaya a gaban kyamara, saƙon waya ɗaya da aka manta ba a goge ba, ya isa ya rusa komai. Wannan fargabar ce ke hana mai karatu barci.

Akwai kuma wani abin, kuma a ganina shi ya fi nauyi. Jaruman labarin su biyun ƙarfinsu ɗaya, kuɗinsu ɗaya. Babu batun wa zai bar aiki, wa zai shiga kicin. Mai karatu ba ta auna kanta da wata jaruma, kallo kawai take.

[Tsohon hoto: Justin Fashanu da rigar Norwich]

Ka'idar irin waɗannan littattafai ita ce dole a ƙare da farin ciki. A zahiri kuwa ba kullum haka take ba. Fashanu, ɗan ƙwallon ƙafa wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya bayyana cewa shi mai neman jinsi ɗaya ne a Ingila a 1990. Shekara takwas bayan nan ya kashe kansa a Landan, yana da shekara 37.