Amsoshin Tambayoyinku: Katun ɗin barkwanci na Japan, shaƙiyanci ne zalla?

Mai gabatarwa: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun wannan makon kusan duk sun karkata ne ga katun ɗin Japan da ake kira anime, lokacin kuma ƙanƙane ne, don haka ban da doguwar gaisuwa. Muna tare da baƙonmu, malamin zane da ya daɗe yana bibiyar harkar. Malam, sannu da zuwa.

Malam: Yawwa Hajiya, sannunmu dai.

Mai gabatarwa: Wani mai sauraro daga Maraɗi yana tambayar bambancin manga da anime. Manga a takarda yake ana karantawa, anime a allo yake yana motsi, shi ke nan. Wata baiwar Allah daga Kumasi kuma ta ce wane anime ne ya fi daɗewa ana nunawa? Sazae-san ne, labarin wata matar aure da iyalinta, tun 1969 ake haska shi a tashar Fuji duk yammacin Lahadi.

To ga wadda za ta ci mana lokaci, don ta zo mana daga Kano, da Damagaram, da Garwa, kowa da irin lafazinsa. Bari in karanta ta wani ɗalibi daga Zariya. Ya ce: "Abokaina sun matsa mini in kalli Lucky Star da Gintama. Su suna ta ƙyaƙyata dariya, ni kuwa na yi zuru kamar an aiko ni. Ba yaƙi, ba soyayya, sai surutu da kwaikwayon wasu finafinan da ban sani ba. Akwai wani abu a ciki, ko datata kawai nake ƙonawa?" Malam, ka ji. Wato irin waɗannan masu nuna rayuwar yau da gobe, makaranta da gida da shago, shin zolayar wasu ce kawai, ko akwai nama a cikin romon?

Malam: To Hajiya, sai mun koma baya kaɗan. Japanawa suna da wani wasan barkwanci na mutum biyu, manzai, wanda birnin Osaka ya yi suna da shi. Ɗaya shi ne boke, mai sakin baki ya faɗi shirme, ɗayan tsukkomi, mai ƙwaɓarsa nan take. Barkwancin anime da yawa a kan wannan turbar yake. Sannan da yawansu daga zane mai gida huɗu aka ɗauko su, yonkoma, gida na huɗu shi ne wurin dariya. Azumanga Daioh na 2002 haka yake, Lucky Star ma haka. Shi ya sa za ka ga labarin guntu-guntu. Ni ma lokacin da nake koyar da yara zanen gida huɗu, akwai wata shekara...

Mai gabatarwa: Malam, yaron nan fa datarsa yake tambaya.

Malam: Ina zuwa, ina zuwa. Kin san 'yan kama namu, masu ɗaukar salon wa'azi ko wata sananniyar waƙa su mayar da ita zancen tuwo da miya? Wanda bai taɓa jin ta asalin ba, rabin dariyar ta wuce shi. Abin da ya sami ɗalibinmu ke nan. Lucky Star ya fito a 2007 daga kamfanin Kyoto Animation, shekara guda bayan sun yi Haruhi Suzumiya, wanda ya karaɗe ko'ina a lokacin. Wadda ta yi muryar Haruhi, Aya Hirano, ita ce kuma ta yi muryar Konata, jarumar Lucky Star. To da Konata ta sa kayan Haruhi tana kwaikwayonta a wurin aikinta, mai kallo na 2007 ya san mutum ɗaya ce take zolayar kanta. Kai da ka zo bayan shekaru masu yawa, yarinya kawai ka gani ta canza riga.

Mai gabatarwa: Wato irin wannan dariyar tana tsufa.

Malam: Tana tsufa, kuma tana iya jawo rigima. Osomatsu-san na 2015, labarin 'yan shida marasa aikin yi, kashinsa na farko kwaikwayon shahararrun anime ne daga farko har ƙarshe. Ba a jima ba aka janye wannan kashin daga intanet, ba a kuma sa shi a faifai ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Japan ba ta ware wa kwaikwayon zolaya wata kariya ta musamman ba.

Mai gabatarwa: To mu dawo kan naman. Akwai ko babu?

Malam: Akwai, sai dai ba a gaba ake zuba shi ba. Lucky Star kashi 24 ne. An buɗe shi da 'yan mata suna musu a kan wani burodi mai siffar ƙaho da cakulan a ciki, wai ina kansa ina gindinsa, ta ina ake fara ci. Mutum ya ce wannan wane irin ɓata lokaci ne. Sai a kashi na 22, mahaifiyar Konata da ta rasu tun tana jaririya ta leƙo gidan a matsayin ruhi, ba mai ganinta. Tana tsaye Konata ta tambayi babanta, wannan mutumin da aka saba yi wa dariya, me ya sa mamanta ta zaɓe shi. Ya ce abu ɗaya yake da yaƙini a kai, duk duniya ba wanda ya kai shi sonta. Suka ɗauki hoto, wata inuwa ta fito a ciki, uba da 'ya suka ruɗe wai fatalwa ce. Kina hawaye kina dariya. Da ba ki zauna da su kashi ashirin suna zancen burodi ba, wurin ba zai taɓa ki ba.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita saboda masu saurarenmu a kasuwa da cikin mota. Surutun da kake gani kamar ba ya tsinana komai, shi ne yake sa ka saba da mutanen, har ranar da abu zai same su ka ji kamar na gidanku ne. Haka ne Malam?

Malam: Haka ne. Gintama na Hideaki Sorachi ma haka yake, ga shi ya haura kashi 360 tun 2006. Ba wanda ya bari bai zolaya ba, Dragon Ball, One Piece, har kamfanin da yake yin sa. Amma jarumin labarin, Gintoki, wannan malalacin mai shan zaƙi da kullum ake bin sa kuɗin haya, tsohon mayaƙi ne da ya rasa malaminsa. Tsohuwar da take bin sa hayar, Otose, a maƙabarta ta tsince shi da yunwa, ya cinye abincin da ta ajiye a kabarin mijinta, ya ce zai kula da ita a madadin mamacin. Duk faɗan hayar nan, wannan alƙawarin ne a ƙarƙashinsa.

Mai gabatarwa: Ni dai nawa ra'ayin, ɗan Zariya, abokanka ne suka yi maka gurguwar shawara. Ka fara da Nichijou na 2011, kashi 26. Shugaban makaranta ne yake kokawa da barewa a tsakar makaranta, ɗaliba ɗaya tak ta gani ta taga, ta rasa yadda za ta faɗa a yarda da ita. Wannan ba sai ka san wani fim ba. Ga kuma Nano, mutum-mutumi mai ƙaton makulli a gadon baya, ba abin da take so illa a ɗauke ta kamar kowa. In wannan bai ba ka dariya ba, to ka koma kallon ƙwallo, ba dole.

Saura minti ɗaya. Wata uwa daga Jos ta ce ko ta bar 'ya'yanta na firamare su kalli Gintama tunda katun ne? A'a Hajiya, akwai zancen banza na manya a ciki, ki fara dubawa da kanki. Kai kuma ɗan Kaduna da ka rubuto kana alfahari ka cinye kashi 26 a dare ɗaya, ina fatan dai ka samu asuba. Tambayarka kan fassarar ƙasan allo da ke kashe barkwanci sai mako mai zuwa, Malam ya yi alƙawarin dawowa. Malam, mun gode.

Malam: Ni ke da godiya. Labarin yaran nan na zanen gida huɗu ma ban ƙarasa ba.

Mai gabatarwa: Ka riƙe shi, injiniya yana ɗaga mini hannu. A huta lafiya.