Ram Ɗin Sabarka Bai Ƙare Ba, Layin Kake Karantawa a Baibai

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu aikin kwamfuta. Wannan hoton da kuke gani shi ne yake ta yawo a zaurukan WhatsApp na masu gyara a nan Gombe: saba (kwamfutar da sauran kwamfutoci ke dogaro da ita) mai ram, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, giga 16, an buga free -h, umarnin Linux mai nuna yadda ake amfani da ram, a ƙarƙashin free saura mega 400 kacal. Nan take aka yanke hukunci, wai ram na yoyo, katin sadarwa ma ya gaji, a sayo sabo. Malam, mayar da kuɗinka aljihu tukuna.

Bari mu sallami katin da wuri, shi ba ya da wuya. Buga ethtool, umarnin duba katin sadarwa, da sunan katin, a nan eno1. Kun ga layin Speed? Ya ce 100Mb/s, alhali katin na 1000 ne. Yawanci laifin kebul ne. Gudun 1000 sai da dukan wayoyi takwas na ciki, na 100 kuwa huɗu sun ishe shi, wato na 1, 2, 3 da 6. Idan shuɗiyar waya ko mai ruwan ƙasa ba ta shiga kan kebul ɗin da kyau ba, fitila za ta kama, aiki zai tafi, amma tafiyar kura. Dubi wannan kan, ta takwas ba ta taɓa ƙarfen ba. Yanke, sake matsewa. Kebul ya zama Cat5e ko Cat6, kada ya wuce mita 100, kuma a bar kati da suwich su daidaita gudu da kansu. Sai gwajin gudu: iperf3 -s a saba, iperf3 -c da adireshinta a wata kwamfutar. Ka ga kusan 940Mb/s, katinka lafiyarsa lau.

To, yanzu ga inda ake zamewa. Ku matso.

Linux ba ta barin ram ya zauna a banza. Duk fayil ɗin da ta karanto daga faifai, sai ta ajiye kwafinsa a ram, don in an sake nema kada ta koma ɗaukowa. Kamar mai shago ne a babbar kasuwa: kayan da ake yawan tambaya yana baza su a kan tebur, ba ya zaryar zuwa sito kowane minti. Teburin a cike yake, amma da an sauke sabon kaya zai kwashe ya ba da wuri. Wannan shi ne buff/cache, ga shi nan giga 11. Ku kai ido ƙarshen layin, ga available, shi ma kusan giga 11. Wannan lambar ita ce abin da manhaja za ta samu in ta nema yanzu. Tun 2014 kanel, wato zuciyar Linux, yake lissafa ta. Free kuwa wurin da ba a ɗora wa komai ba ne, kuma a sabar da ta kwana tana aiki dole ya yi ƙasa.

Abin da ya fi damuna shi ne maganin da ake rabawa: a sa echo 3 cikin drop_caches, wato a umarci Linux ta zubar da cache, duk bayan awa ɗaya. Free zai haura, ido zai ji daɗi, amma ka share teburin ne ka mayar da komai sito. A cibiyar jarrabawar kwamfuta, ɗalibai na danna tambaya, saba tana komawa faifai, kowa ya ce netwok ba ta da kyau. Katin da bai ji ba bai gani ba shi ake zagi. Ku cire wannan layin daga cron, mai maimaita umarni a kan lokaci, yau ɗin nan.

Yoyon gaskiya kamanninsa daban ne. Manhaja ce take aron wuri ba ta mayarwa. Available yana sauka kullum, cache yana ƙanƙancewa, in ka buga vmstat ginshiƙan si da so, masu nuna musayar kaya tsakanin ram da faifai, sun fara motsi, daga ƙarshe dmesg, mai nuna saƙonnin kanel, ya nuna Out of memory: Killed process, wato ram ya ƙare an kashe wata manhaja. Hoto ɗaya ba ya nuna wannan. Buga ps aux --sort=-rss, rubuta lambar RSS, wato ram ɗin da kowace manhaja ta riƙe, ta manhajoji biyar ɗin sama da safe da yamma, kwana uku. Wadda ta hau ta tsaya, irin MySQL ko manhajar Java da ta kai iyakar da aka ba ta, ba ta da laifi. Wadda take hawa ko da dare babu kowa, ita ce ɓarauniyar.

A wajenmu yoyo yakan ɓuya, domin ɗauke wuta yana kashe saba kullum, ram ya wanke. Sai an sa sola ta yi sati biyu a kunne ciwon ya fito, a ce sola ce ta jawo.

Ka kama manhajar mai yoyo, sabunta ta, kafin nan ka sa mata MemoryMax, wato iyakar ram, a systemd, mai kula da manhajojin saba, don kada ta ja sauran ƙasa. In kuwa babu manhajar da ta kumbura amma available na ci gaba da sauka, buɗe /proc/meminfo ka bi layin SUnreclaim, wato ram ɗin da kanel ya riƙe ba ya iya saki. Idan shi ne yake hawa, yoyon a cikin kanel yake, wataƙila direban katin ne, wato manhajar da ke sarrafa shi, sai ka buga ethtool -i da sunan katin ka ga direban da lambarsa, ka nemo sabo.